Cunkoson Wasanni Da Raunin 'Yan Ƙwallo: Wane Atisaye Ya Kamata Ka Sa A Gaba?

A tsakiyar watan Satumban 2024, ɗan wasan tsakiya na Manchester City, Rodri, ya shaida wa manema labarai cewa 'yan ƙwallo sun kusa tafiya yajin aiki saboda yawan wasannin da ake jibga musu. Ba a yi mako guda da wannan magana ba, ranar 22 ga watan, ya faɗi riƙe da gwiwarsa a wasansu da Arsenal. Jijiyar tsakiyar gwiwa, wadda likitoci ke kira ACL, ta tsinke. Bayan wata guda, da sandunan dogarawa ya hau dandamali a birnin Paris ya karɓi kyautar Ballon d'Or, kuma kusan duk kakar wasan a jinya ya ƙare ta.

Babu likitan da zai iya rantsuwa cewa gajiya ce kaɗai ta tsinka wannan jijiya. Sai dai ƙorafin nasa yana da tushe. Daga kakar 2024/25 an faɗaɗa Gasar Zakarun Turai zuwa ƙungiyoyi 36, kowacce na buga wasa takwas a zagayen farko maimakon shida. A tsakiyar 2025, lokacin da aka saba tafiya hutu, FIFA ta shirya gasar cin kofin duniya ta ƙungiyoyi 32 a Amurka. Paris Saint-Germain ta buga wasan ƙarshe da Chelsea ranar 13 ga Yuli, ta kuma koma fili ranar 13 ga Agusta don karawa da Tottenham. Wata guda ke nan cif, a ciki za a huta, a ciki za a yi shirin sabuwar kaka, alhali ƙungiyar 'yan ƙwallo ta duniya, FIFPRO, tana neman a ba kowane ɗan wasa mako huɗu na hutu da wasu mako huɗu na shiri. Ita ma Gasar Cin Kofin Duniya ta 2026 an ƙara ta daga ƙasashe 32 zuwa 48, wasanninta daga 64 zuwa 104.

Kana iya cewa wannan rigimar masu kuɗi ce, ba ruwanka. Amma idan kana buga wa ƙungiyar unguwa, ko kai ne kocin yara, ko ɗanka ne ke fita da takalmin ƙwallo kullum bayan la'asar, to maganar ta shafe ka fiye da yadda ta shafi Rodri. Irin tsoka da jijiyar da ke jikinsa su ne a jikinka. Shi an yi masa tiyata cikin 'yan kwanaki, likitocin fisiyo suka yi ta ɗawainiya da shi wata da watanni, albashinsa bai tsaya ba. A wurinmu, yaron da wannan jijiya ta tsinke masa yakan fara da mai ɗori, wanda ba shi da abin ɗorawa tunda ƙashi bai karye ba. Asibitocin da ke yin tiyatar ba su da yawa, kuɗinta kuma ya fi ƙarfin yawancin iyaye. Sau da yawa ƙwallon ke nan ta ƙare, a bar matashi da gwiwar da ke kufce masa ko da daga babur zai sauka. A irin wannan yanayi rigakafi shi ne kusan dukkan maganin da kake da shi, kuma rigakafin yana cikin irin atisayen da ka zaɓa ka ba lokacinka.

Wasan ya sauya, atisayenmu bai sauya ba

Ƙwararren ɗan ƙwallo yakan ci kilomita 10 zuwa 12 a wasa guda, mafi yawansu da tafiya da sassarfa. Abin da ke raba gardama shi ne 'yan daƙiƙun da ake fizga da gudu na mita 10 ko 20, a ja birki, a juya, a yi tsalle a dira. Wani bincike a kan gasar Firimiyar Ingila ya kwatanta kakar 2006/07 da ta 2012/13, ya gano cewa jimillar nisan da 'yan wasa ke ci kusan bai canza ba, amma nisan da suke ci da gudu mai tsanani ya ƙaru da kimanin kashi 30 cikin 100.

Jiki ya nuna alamar wannan sauyi. Tun 2001 hukumar UEFA ke ɗaukar nauyin wani bincike ƙarƙashin Farfesa Jan Ekstrand na ƙasar Suwidin, mai ƙididdige raunukan manyan ƙungiyoyin Turai. A kakar 2001/02, raunin tsokar bayan cinya kashi 12 ne cikin 100 na dukkan raunuka. Zuwa kakar 2021/22 ya kai kashi 24. Wato cikin kowane rauni huɗu, kusan ɗaya na wannan tsoka ne.

Dalilin ba shi da wuyar ganewa idan ka san aikinta. In kana gudu iya ƙarfinka, ƙafarka takan wulla gaba kafin ta taɓa ƙasa. Tsokar bayan cinya ce ke ja mata birki, kuma tana yin hakan ne daidai lokacin da take a miƙe. Idan ba ta saba ɗaukar nauyi a miƙe ba, ko ta gaji, sai zarenta ya yage. Shi ne za ka ga ɗan wasa ya tsaya cak ya dafe bayan cinya ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Haka ma jijiyar ACL, galibi ba duka ne ke tsinka ta ba. Tana tsinkewa ne idan mutum ya dira a kan ƙafa ɗaya, ko ya sauya hanya cikin sauri, gwiwa ta karkata ciki, tsokokin ƙugu da na cinya suka kasa riƙe ta.

Yanzu ka duba atisayen da aka saba a filayenmu. A zagaya fili sau goma ko goma sha biyar, a ɗan miƙe ƙafa, a raba mutane gida biyu a buga har magariba. Wanda ya makara a sa shi tsallen kwaɗo. Zagaya fili yana koya wa jiki gudu a hankali na tsawon lokaci, kuma yana da amfaninsa, amma ba ya koya wa tsoka jan birki, ba ya koya wa gwiwa dira. Ɗan wasa na iya yin zagaye ashirin bai yi haki ba, ya kuma yaga tsoka a gudun farko da ya bi ƙwallo da gaske. Abin da muka fi ba lokaci shi ne ya kamata ya zo daga baya. Ga jerin da muke ba da shawara a bi.

Na farko: a duba lafiyarka

Kafin a ɗora wa jiki nauyi, a san halin da zuciya ke ciki. Ranar 12 ga Agustan 1989 Samuel Okwaraji ya yanke jiki ya faɗi a filin wasa na ƙasa da ke Legas, ana tsaka da wasan Najeriya da Angola, bai sake tashi ba. Marc-Vivien Foé na Kamaru ya rasu haka a birnin Lyon na Faransa a Yunin 2003, binciken likitoci ya nuna ciwon kaurin tsokar zuciya. A Maris ɗin 2020 Chineme Martins na Nasarawa United ya faɗi a garin Lafiya a wasansu da Katsina United, shi ma ya rasu. Christian Eriksen na Denmak zuciyarsa ta tsaya a fili a Yunin 2021, amma ya rayu har ya koma ƙwallo, saboda nan take aka fara danna masa ƙirji, aka kuma ɗora masa na'urar farfaɗo da bugun zuciya.

Ka je asibiti kafin fara kakar wasa, a auna hawan jini, a saurari zuciya, in da hali a yi gwajin ECG. Ka gaya wa likita idan ka taɓa suma ko jin ciwon ƙirji kana cikin motsa jiki, ko bugun zuciyarka na rikicewa, ko wani ɗan'uwanka na jini ya rasu farat ɗaya yana matashi. Kada ka fita atisaye da zazzaɓi a jikinka da sunan za ka fitar da shi ta gumi.

Ka kuma yi gwajin jini na sikila, ka san ko AA ne kai ko AS. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne. Wannan ba ciwo ba ne, ba ya kuma hana wasa. Sai dai gudu mai tsanani babu hutawa, cikin zafi da ƙishirwa, na iya sa ƙwayoyin jinin mai AS su lanƙwashe su toshe hanya, tsoka ta fara lalacewa. Wannan ne ya sa hukumar wasannin jami'o'in Amurka, NCAA, ta fara neman wannan gwaji daga 2010. Idan irin wannan yaro ya ce ƙafafunsa sun mutu ko numfashi na gagararsa, a tsayar da shi nan take, kada a ce raki ne.

Na biyu: ƙarfi

A 2014 wasu masu bincike a Denmak suka tattara gwaje-gwaje 25 da suka ƙunshi mutum sama da 26,000, don su ga wane irin atisaye ne ke hana rauni. Inda aka yi atisayen ƙarfafa tsoka, raunuka sun ragu zuwa ƙasa da kashi ɗaya bisa uku. Miƙe jiki shi kaɗai, wanda muka fi yarda da shi, bai nuna wata kariya ba.

Atisayen da ya fi suna wajen kare bayan cinya shi ne wanda ake kira Nodik, kuma ba ya buƙatar komai sai abokin wasa. Ka durƙusa a kan gwiwoyinka bisa tabarma ko ciyawa, abokinka ya danne maka idon sawu biyu. Jikinka a miƙe daga gwiwa zuwa kafaɗa, ka riƙa sunkuyowa gaba a hankali kana tirjewa da bayan cinya, har inda za ka iya, sannan ka tare ƙasa da hannu. Ka fara da sau biyar, ka huta, ka ƙara biyar, rana ɗaya a mako, sannan ka riƙa ƙarawa sannu a hankali cikin makonni. Za ka ji tsami kwana biyu ko uku a farko, don haka kada ka fara shi ana jibi wasa. Wani nazari na 2019 da ya haɗa bincike da dama ya nuna cewa shirye-shiryen da ke ɗauke da wannan atisaye sun rage raunin bayan cinya da kusan rabi.

Akwai kuma tsarin ɗumama jiki na FIFA 11+, mai ɗaukar minti 20, wanda ya haɗa gudu, ƙarfafa ciki da cinya, tsayuwa da ƙafa ɗaya, da koyon tsalle da dira. An gwada shi a Nowe a kan 'yan mata kusan 1,900, sakamakon da ya fito a 2008 ya nuna raguwar rauni da kimanin kashi ɗaya bisa uku. An kuma gwada shi a gida. Likitan fisiyo Oluwatoyosi Owoeye da abokan aikinsa sun bi ƙungiyoyi 20 na gasar matasa ta Legas, 'yan wasa 416 masu shekara 14 zuwa 19. A rahotonsu na 2014, ƙungiyoyin da suka yi FIFA 11+ sun samu raguwar rauni da kashi 41 cikin 100 idan aka kwatanta da waɗanda suka ci gaba da ɗumama jiki yadda suka saba. Waɗannan yara ne irin namu, a filaye irin namu. Bidiyon tsarin yana nan kyauta a intanet, kuma ana so a yi shi aƙalla sau biyu a mako.

Ka ƙara da tsugunno, da farko da ƙafa biyu, daga baya da ƙafa ɗaya, kana lura kada gwiwa ta faɗa ciki. Ka tsaya a bakin matakala kana ɗaga dunduniya kana saukewa a hankali, don sha-raɓa da agara. In jiki ya saba, ka ƙara nauyi. Jarka mai lita 20 cike da ruwa kilo 20 ce, buhun yashi ma yana yi. Rashin gidan motsa jiki ba uzuri ba ne. Su ma masu zuwa gidan, da yawa ƙirji da damtse suke ginawa don riga ta zauna, su bar ƙafafun da suke cin abinci da su.

Ana yawan cewa ɗaga nauyi yana sa ɗan ƙwallo ya yi nauyi, ko yana hana yaro tsawo. Gudu kansa tura ƙasa ne da ƙarfi cikin ƙanƙanin lokaci, ƙafar da ta fi ƙarfi ita ta fi fizga. Game da yara, atisayen ƙarfi da ake yi da nauyin da ya dace, ƙarƙashin kulawar wanda ya sani, ba ya daƙile girma. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a ƙa'idojinta na 2020, ta ce yara masu shekara 5 zuwa 17 su riƙa motsa jiki mai ƙarfafa tsoka da ƙashi aƙalla kwana uku a mako. Haɗarin yana ga yaron da ke gasar ɗaga ƙarfe da abokai babu mai duba shi.

Idan 'yan mata kake horarwa, wannan sashe ya fi muhimmanci. Haɗarin tsinkewar ACL a wurinsu ya ninka na maza sau biyu ko fiye. Ingila ta je Gasar Cin Kofin Duniya ta mata a 2023 ba tare da kyaftin ɗinta Leah Williamson da Beth Mead ba, duk saboda wannan jijiya.

Na uku: gudu, tun kafin ka gaji

Wasu kociyoyi suna tsoron gudun fizga a atisaye, suna ganin shi ne ke yaga tsoka, sai su bar shi sai ranar wasa. Garin gudun gara sai a faɗa wa zago, domin tsokar da ta yi mako biyu ko uku ba ta ɗanɗana cikakken gudu ba, ranar wasa za ta gamu da shi babu shiri. Manyan ƙungiyoyi suna maƙala wa 'yan wasa na'urar GPS a bayan riga, kuma cikin abin da suke dubawa har da ko kowa ya kusanci ƙarshen gudunsa a cikin makon.

Ba sai da na'ura ba. Bayan ka ɗumama jiki sosai, ka yi gudun mita 20 zuwa 30 iya ƙarfinka sau huɗu zuwa shida, kana hutawa minti biyu zuwa uku tsakaninsu, rana ɗaya ko biyu a mako. Hutun nan ba lalaci ba ne. Da zarar ka fara gudu a gajiye, juriya kake koyo, sauri ya tsaya. Shi ya sa ake yin sa a farkon atisaye. Gudun horo da ake sa yara bayan sun jigata a ƙarshen rana ba ya ƙara musu sauri, yana dai ƙara musu haɗari.

Ka koyi tsayawa kamar yadda kake koyon tashi. Ka ruga mita 10, ka tsaya cikin taku uku, gwiwoyi a lanƙwashe, ƙugu a ƙasa. In ka iya wannan, ka ƙara juyawa hagu da dama. In ka yi tsalle, ka dira ba tare da ƙara ba, gwiwa na kallon inda yatsun ƙafa ke kallo. Ka kuma duba filin kafin ka fara. Rami guda ko ƙasar da ta ƙeƙashe a rani, ga takalmi mai dogayen ƙusoshi, sun isa su yi maka targaɗe. Wanda ya dawo daga hutu ko jinya ya ɗauki mako biyu zuwa uku yana ƙara sauri kaɗan-kaɗan kafin ya kai ƙarshe.

Na huɗu: juriya

Juriya tana da muhimmanci, domin raunin tsoka ya fi yawa a ƙarshen kowane rabin lokaci, sa'ad da jiki ya gaji. Abin dubawa shi ne yadda ake gina ta. A wani gwaji da aka yi a Nowe, wanda ya fito a 2001, an sa matasan 'yan ƙwallo gudu mai ƙarfi na minti huɗu, sau huɗu, da sassarfar minti uku a tsakani, rana biyu a mako har mako takwas. Nisan da suke ci a wasa ya ƙaru da kashi 20 cikin 100. Kana iya samun kusan irin wannan da ƙwallo a ƙafa: mutum huɗu da huɗu a ƙaramin fili, minti huɗu babu tsayawa, a huta minti uku, a maimaita sau huɗu. Dogon gudu a hankali ya fi dacewa da makonnin farko na shirin kaka.

A nan ne zafi ke shigowa. Tsakanin Maris da Mayu, ma'aunin zafi a Sakkwato, Maiduguri ko Yamai yakan haura 40. Ka mayar da atisaye mai tsanani bayan asuba ko dab da magariba. Jiki na buƙatar kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba da aiki cikin zafi. Idan ka auna nauyinka kafin atisaye da bayansa, kowane kilo da ka rasa kimanin lita ɗaya ce ta ruwa da ya kamata ka mayar. Hana 'yan wasa shan ruwa da sunan koya musu taurin rai ganganci ne. A watan azumi, a bar atisaye mai nauyi sai bayan an sha ruwa.

Alamu biyu ba a jira da su. Idan ɗan wasa ya fara tangaɗi, ko maganarsa ta rikice, jikinsa ya yi zafi rau, a kai shi inuwa, a cire masa kaya, a yi ta kwara masa ruwan sanyi da ƙanƙara ana yi masa fifita tun kafin mota ta iso. Idan kuma bayan atisaye mai tsanani tsoka ta yi ciwo fiye da kima, fitsari ya koma kalar baƙin shayi, a je asibiti a ranar. Alama ce ta tsoka na narkewa, kuma tana iya kashe ƙoda.

Hutu, abinci da ƙwayoyi

Cunkoson da Turawa ke kuka da shi muna da irin namu. Gasar Firimiyar Najeriya ƙungiyoyi 20 ne, wasa 38 kowacce, kuma ƙungiyar da za ta tashi daga Maiduguri zuwa Fatakwal a mota sai ta ci sama da kilomita 1,000. A unguwa kuwa, lokacin hutun makaranta ko gasar Sallah, yaron da ya iya ƙwallo yakan buga wa ƙungiya biyu ko uku a mako guda. Tsoka na buƙatar awa 48 zuwa 72 kafin ta farfaɗo daga cikakken wasa. Ƙarfin da kake nema a atisaye, lokacin hutu da barci yake ginuwa. Ka nemi barcin awa takwas, matashi kuma takwas zuwa goma, ko da hakan na nufin barin gidan kallo da wuri daren da za ka wayi gari da atisaye.

Mai atisayen ƙarfi na buƙatar sinadarin gina jiki kimanin giram 1.6 ga kowane kilo na nauyinsa a rana. Mai kilo 65 zai nemi kusan giram 100, ƙwai guda kuma kimanin giram 6 ne. Wake, awara, ƙuli-ƙuli, kindirmo, kifi da nama za su cike maka wannan idan ka rarraba su cikin yini, tare da tuwo, shinkafa ko fura don kuzari.

Ka nisanci gajeriyar hanya. Tiramadol ba ya ƙara ƙarfi, yana rufe zafin da ke yi maka gargaɗi ne, yana kama mutum, yana kuma jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya, WADA, ta haramta shi a lokacin gasa daga 1 ga Janairun 2024. Shan diklofenak ko ibuprofen kafin wasa cikin zafi da ƙishirwa yana cutar da ƙoda da ciki. Allurai da ƙwayoyin kumbura tsoka suna lalata hanta da zuciya, suna kuma rage ƙwayoyin haihuwa.

Yadda mako zai iya kasancewa

Idan ranar Asabar kake wasa, ka huta Lahadi. Litinin a yi ƙwallo mara nauyi. Talata ranar ƙarfi ce, har da Nodik, a rufe da wasan ƙaramin fili. Laraba a yi juriya da wasa a babban fili. Alhamis gudun fizga kaɗan da dabarun wasa. Juma'a a sassauta. FIFA 11+ ya zama shi ne ɗumama jiki aƙalla rana biyu a ciki. Ɗan dambe, ɗan kokawa ko ɗan tsere zai sauya atisayen ya dace da wasansa, amma jerin bai canza ba.

Idan rauni ya faru, ka lura da waɗannan: jin ƙara a cikin gwiwa, kumburi cikin 'yan awoyi, gwiwa na kufcewa, ko kasa taka ƙafa. Kada a ja, kada a murza, kada a gasa da ruwan zafi. A ɗora ƙanƙara a naɗe cikin ƙyalle, a ɗaure da bandeji, a ɗaga ƙafar, a ga likita ko likitan fisiyo. Bayan tiyatar ACL, komawa wasa kafin wata tara yana ƙara haɗarin sake tsinkewa. Raunin bayan cinya kuma ya fi dawowa a makonnin farko bayan komawa fili, don haka daina jin zafi ba shi ne warkewa ba.

Ina gizo ke saƙa?

Atisaye ba ya kawar da rauni gaba ɗaya. Rodri yana hannun ƙwararru ya ji ciwo, kuma babu tsarin ƙarfafa tsoka da zai maye gurbin hutun da aka ƙwace. Amma akwai wani abin lura. Wani bincike na 2015 a kan ƙungiyoyin Gasar Zakarun Turai da na babbar gasar Nowe ya gano cewa kusan ɗaya cikin goma ne kawai ke bin tsarin Nodik cikakke, duk da hujjojin da ke akwai. Ashe matsalar ba ta kuɗi ko kayan aiki ba ce kaɗai. Koci da sakamakon Asabar ake auna shi, raunin da bai faru ba kuwa babu mai gani balle ya yaba. Shi ya sa minti 20 na rigakafi ne ake fara yankewa in lokaci ya ƙure.

Gyaran wannan yana hannun masu iko da fili. Hukumomin ƙwallo na jihohi da masu shirya gasar ƙananan hukumomi suna iya sa shaidar duba lafiya cikin sharuɗɗan rajista, su hana ƙungiya buga wasa biyu cikin ƙasa da kwana uku, su tabbatar akwai wanda ya iya danna ƙirji a bakin fili, su koyar da FIFA 11+ a kwasa-kwasan kociyoyi. Idan kai uba ne ko uwa, ka tambayi makarantar da ke karɓar kuɗinka wane atisayen kare rauni take yi wa yara, kuma wa ke duba su in sun ji ciwo. Idan kai koci ne, ka rage zagaye biyar daga cikin goman gobe, ka sa lokacin a tsugunno, Nodik da koyon dira. Idan kai ne ɗan wasan, ka nemi abokin da zai danne maka idon sawu ranar Talata mai zuwa, ka fara da biyar.